Ranar da Inna Zinariya Ta Kira Ɗanta

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda yake riƙe da numfashin bayinsa a hannun ikonsa, yana sakar musu shi ɗaya bayan ɗaya har adadin da ya rubuta wa kowa ya cika. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa tsarkaka da sahabbansa masu daraja.

Bayan haka, ni dai na yi yawon neman ilmi tun gashina yana baƙi, na durƙusa gaban malamai a Nguru da Gashuwa da Zariya da wasu garuruwan da sunayensu suka fara kuɓuce mini, amma idona bai ga kamar Shehinmu na Haɗeja ba, malami faƙihi, zahidi, mai tsantseni, arifi masanin Ubangijinsa, Allah ya ƙara masa yarda, ya haskaka makwancinsa. Ba zan rubuta sunansa ba, domin ya hana mu tun yana raye. Shekara arba'in ya yi yana karantarwa a zaure ɗaya na ƙasa, ba a taɓa jin ya ɗaga murya a kan ɗalibi ba, ba a kuma taɓa ganin ya ci kifin da bai san komar da ta kamo shi ba. Ya kasance ba ya son a jingina masa karama, kuma in an kawo masa zancen marar lafiya, abin da yake fara tambaya shi ne ko an je asibiti. Duk da haka Allah ya bayyana abubuwa a hannunsa, ga ɗaya daga cikinsu. Farkonsa da ƙarshensa a gabana aka yi, tsakiyarsa kuwa daga bakin matar da abin ya faɗa wa na ji, na kuma ji daga ƙanin mijinta, maganarsu ba ta saɓa ba.

A shekarar babbar ambaliya ne, wadda ruwa ya cinye shinkafar mutanen Auyo tana gab da fitar da kai. Ko ta farko ce ko wadda ta biyo bayanta, wannan ya shige mini duhu. Akwai wani manomi a wani ƙauye na bakin kogi, sunansa Fatihu, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, Bafillace ne da ya bar kiwo ya kama noman fadama. Da ruwa ya taso, mazan ƙauyen suka fita gayya don su tare shi, suna ɗura ƙasa a buhuna suna jerawa a kan jingar da ta raba kogi da gonaki. Kwana uku Fatihu ya yi tsaye cikin ruwa iya ƙirji, sama kuma tana zuba. Jingar ta ɓalle duk da haka, shi kuwa ya koma gida da zazzaɓi da tari mai sukar haƙarƙari. Aka yi ta ba shi ƙwayoyin kemis da jiƙe-jiƙe har mako guda, sai da leɓɓansa suka fara yin baƙi, yana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya a kai, sannan aka ɗauko shi zuwa wani asibiti a Haɗeja. Likitoci suka ce limoniya ce, ta kama huhun duka biyu. Ba su kwantar da shi cikin sauran majinyata ba, sai suka shigar da shi ɗakin masu matsanancin ciwo, suka zura masa roba ta baki har maƙogwaro, inji yana yi masa numfashi.

Matarsa Huseina, 'yar Barebari ce, mace mai haƙuri amma mai riƙe abu a zuciya. Ta bar 'yarsu Adila wurin mahaifiyarta, ta shimfiɗa tabarma a barandar da ke fuskantar ƙofar ɗakin, cikin iyalan sauran marasa lafiya, nan take sallah, nan take ɗan taɓa abinci in an matsa mata. Dokar ɗakin ita ce mutum ɗaya ke shiga, minti biyar da safe, minti biyar da yamma, bayan ya cire takalmi ya wanke hannu an sa masa riga da takunkumi. In ta shiga, sai ta tarar da mutumin da ke ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai yana kwance ba motsi, ƙirjinsa yana tashi yana sauka ba da ikonsa ba, ga wayoyi a jikinsa, ga wani allo a samansa yana ta ƙara a hankali. A kwanakin nan ta ga an fito da mutum uku daga ɗakin an lulluɓe su, kowane lokaci kuma sai ta zuba ido har ta ga wata tabarma daban aka nufa.

Akwai wata nas a wurin, Sista Radiyya, mace mai kirki. Ita ta gaya wa Huseina cewa an rage masa maganin barcin don a ga ko zai farka, bai farka ba, saboda haka in ta shiga ta riƙa yi masa magana tana kiran sunansa, domin ji shi ne abin da ya fi daɗewa tare da mutum. To, Huseina ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba tun da aka kai ta ɗakinsa, Baban Adila take ce masa, haka ta yi ta kira. Ƙaninsa Usman in ya shiga sai ya ce Yaya. Nas ɗin ce kaɗai ke karanta sunan daga katin da ke rataye a gado ta kira shi da shi, shi kuwa ko gira bai motsa wa kowa ba.

Abin da ya fi ci wa Huseina rai a kwanakin nan, bayan ciwon kansa, shi ne surukarta. Inna Zinariya tana can rugarsu a hayin kogi da 'yan shanun da suka rage, kuma Fatihu ne ɗanta na fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari a ƙasar nan, amma tata ta kai matuƙa, irin ta mutanen da. Tun da aka yaye shi ta miƙa shi ga goggonsa ta rene shi, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta cin abinci a gabansa, in ya zo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa kamar da bango take magana, in kuma dole ta ambace shi sai ta ce wancan. Da Usman ya kai mata labarin an kwantar da shi, tana kaɗa nono, sai ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da kaɗawa. Bayan kwana biyu ta aiko da man shanu a kwalba, ta ce a gai da mutanen asibiti. Huseina ta ajiye kwalbar a gefen tabarma ba ta buɗe ba, tana faɗa a ranta cewa wannan ba kunya ba ce, zuciyar ce babu.

A rana ta tara, ko ta goma, likita ya kira ta da Usman gefe da hantsi, ya ce sun yi iyakar abin da suka sani, injin ma an ƙure shi, da wuya ya kai gobe. In akwai wanda ya kamata ya gan shi, a kira shi yau. Da suka fito, Usman ya ce shi kam ba zai zauna ya zuba ido ba, su je wurin Shehu a karɓo rubutu, Huseina ta ɓoye shi cikin hijabi, in ta shiga da yamma ta ɗiga masa a gefen baki nas ba ta gani ba. Ya ce ya ji matan baranda suna cewa haka ake yi.

Ina zaune a zauren, mun gama darasi ke nan, suka yi sallama. Usman ya shigo ya durƙusa, Huseina ta tsuguna daga bakin ƙofa, ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta. Usman ya kwashe labari duka ya faɗa, sannan ya ce, “Allah gafarta Malam, rubutu muka zo nema, ko cokali ɗaya ne mu ɗiga masa.”

Shehu, Allah ya ƙara masa yarda, ya sunkuyar da kai har muka zaci ya shiga wuridi. Can ya ɗago ya ce, “Bakin da likita ya rufe, kada ku buɗe shi. Abin da kuka ɗiga, huhu zai tafi, ku taimaki ciwon a kansa.” Sannan ya ce, “Amma kunnensa a buɗe yake. Ina mahaifiyarsa?”

Usman ya sunkuyar da kai. Huseina ce ta amsa daga bakin ƙofa, ta ce, “Tana ruga, Allah gafarta Malam. Man shanu ta aiko mana.”

Shehu ya ce ita Huseinar ce za ta je ta ɗauko ta, yau ɗin nan. Sai ta manta da inda take, ta shiga kawo hanzari: likita ya ce da wuya ya kai gobe, ita kwana tara ba ta matsa daga ƙofar ɗakin ba, ruwa ya yanke hanya, ga Usman nan ya je mana, ai uwarsa ce. Shehu ya bar ta ta gama, sannan ya ce Usman ɗanta ne, da kallo ɗaya za ta sallame shi, amma matar ɗanta na fari in ta tako har ruga ta durƙusa, nauyinta ba zai bari ta kore ta ba.

Huseina ta ce, “In ya cika ba na nan fa?”

Ya ce, “Je ki, 'yata. Za ki tarar da shi.” Sannan ya rage murya, ya ce, “In kun keɓe, ba a gaban kowa ba, ki ce mata na ce, sunan nan da take faɗa a sujadar ƙarshe ta sallar asuba, ta zo ta faɗe shi a kunnen mai shi. Zai amsa.”

Mu da ke zaune mun san Shehu bai taɓa ganin wannan tsohuwa ba, bai san rugarsu ba, bai ma fita garin Haɗeja ba shekara da shekaru. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a gajeriya, muka shafa.

Huseina ta koma asibiti tana jan ƙafa. Ta leƙa ta gilashin ƙofa ta hango tafin ƙafarsa kawai, ya yi fari fat. Zuciyarta ɗaya tana ce mata ta zauna, ba a barin mai gargara a tafi roƙon wadda ba ta damu ba, ɗayar kuma tana maimaita mata maganar Shehu. Daga ƙarshe ta kira yayanta ya zauna a kan tabarmar, ta hau bayan babur, Usman ya hau wani, suka kama hanyar Auyo.

Ba su yi nisa sosai ba suka iso inda ruwa ya haɗiye hanya. Nan masu kwale-kwale suke jira, cikinsu har da wani dattijo Babarbare, Modu, wanda ya san Usman. Da ya gan shi sai ya washe baki, ya ce, “Yau ga Bafillace zai shiga jirgi, Allah ya kiyaye mu. Zauna tsakiya, bawana, ruwan nan ba nono ba ne.”

Usman ya ce, “Tuƙa dai, Babarbare, ubangidanka na sauri.”

Modu ya buɗe baki zai rama, sai idonsa ya faɗa kan fuskar Huseina. Ya tambayi Usman ƙasa-ƙasa ko lafiya, da ya ji, sai ya bar wasan, ya dafe gorar tuƙinsa da ƙarfi. Suka bi ta kan gonakin da Fatihu ya yi kwana uku yana karewa, ba a ganin komai sai kawunan dawa da rufin bukkoki da suka leƙo daga ruwa. Ciyawar kacalla ta toshe mashigar da aka saba bi, dole suka yi dogon zagaye. Wayar Usman ta daina kama sabis tun a tsakiyar ruwa. Sai la'asar sakaliya suka sauka a tudun da rugar take, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, Modu ya ce ko uwarsa ce a asibiti ba zai sake shiga ruwan nan ba sai gari ya waye. Huseina ta tsaya tana kallon ruwan, domin goben da likita ya ambata a nan za ta same ta.

Suka tarar da Inna Zinariya tana ɗaure maruƙa, doguwar tsohuwa siririya, duk ta rame fiye da yadda Huseina ta san ta. Ta tari Usman da sunansa, ta tambayi hanya, ta tambayi ruwa, ta tambayi Adila, ta tambayi mutanen asibiti, ba ta tambayi wanda ke kwance ba. Huseina ta nemi su shiga bukka. Tsohuwar ta zauna a bakin gado ta jawo ƙwarya tana goge ta da tsumma, ko da yake ƙwaryar a goge take.

Huseina ta durƙusa ta ce, “Inna, zuwa na yi in tafi da ke.”

Ta ce, “Ni likita ce? Ai kuna can. Allah ya sawwaƙe.”

“An ce da wuya ya kai gobe.”

Hannun tsohuwar bai tsaya ba. Ta ce, “Kowa da ranarsa, 'yar nan.”

Huseina ta gaya mini cewa a lokacin nan saura ƙiris ta miƙe ta faɗa wa surukarta maganar da ba a faɗa, ta fita ta kwana a bakin ruwa. Amma ta danne, ta isar da saƙon Shehu kamar yadda ya faɗe shi, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Sai tsumman ya tsaya. Tsohuwar ta daɗe tana kallon cikin ƙwaryar, ruwan sama ya fara dukan bukkar, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Wa ya gaya masa?”

Huseina ta ce ba ta sani ba, ita ma ba ta gane maganar ba.

Inna Zinariya ta ce, “Ko ubansu bai taɓa ji ba har ya koma ga Allah. Goshina a ƙasa nake faɗa, ni da Mai sama.” Ta kife ƙwaryar a hankali, ta ƙwala wa 'yarta Mairam kira, ta ce ta ɗaure mata zane biyu da carbi, ta kuma kula da maruƙan. Mairam ce daga baya ta raɗa wa Huseina cewa tun ranar da labari ya zo tsohuwar take azumi, kullum kuma da hantsi sai ta tafi bakin ruwa ta tsaya tana fuskantar Haɗeja, in an tambaye ta ta ce saniya take dubawa.

Da gari ya waye Modu ya ɗauke su. Tsohuwar ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba, ta riƙe gefensa da hannu biyu har suka ƙetare. Suna kusa da gaɓa wayar Usman ta kama sabis ta fara ruri. Huseina ta toshe kunnuwanta da hannu. Usman ya ɗauka ya saurara, sannan ya taɓa gefen hijabinta ya ce yayanta ne, ya ce sau biyu likitoci suna rugawa kan Fatihu kafin asuba, har an ce masa ya yi haƙuri, amma yana nan da rai.

Lokacin shiga na safe ya wuce sa'ad da suka isa, amma da Sista Radiyya ta ji ko wace ce, ta je ta roƙi likita, ya ce a bar ta, a kuma bar Huseina ta riƙe ta tunda ba ta saba da wurin ba. Aka cire mata takalmi, aka wanke mata hannu, aka ɗaura mata takunkumi. Da suka isa bakin gadon, tsohuwar ta tsaya ta dube shi, kuma Huseina ta ce wannan ne karo na farko da ta ga idon matar nan ya sauka a kan fuskar ɗanta ya zauna. Ta dube shi tun daga goshi har ƙafa, kamar mai duba abin da aka daɗe ana ba ta labarinsa. Sannan ta ce wa Huseina, “Juya bayanki.”

Huseina ta juya ta fuskanci bango, nas ɗin ma ta matsa wurin wani gado. Babu abin da ake ji sai hucin inji. Can ta ji muryar tsohuwar ƙasa-ƙasa tana cewa, “Kai.” Shiru. Ta sake cewa, “Kai, wannan.” Shiru. Huseina tana kallon agogon da ke bango, minti biyar ɗin yana ƙarewa, ta ji tsohuwar tana haɗiyar yawu, tana farawa tana fasawa, kamar mai son ɗaga dutsen da ya fi ƙarfinta. Har nas ta fara takowa. Sai muryar ta fito a tsage, ba irin wadda Huseina ta sani ba.

“Fatihu.”

Ta sake faɗa, ta haɗa da wata kalma ta Fillanci wadda Huseina ba ta gane ba. A na uku Huseina ta kasa daurewa, ta waiwaya. Idanunsa a buɗe suke. Ba sa yawo irin na wanda ba ya cikin hayyacinsa, suna kan fuskar uwarsa, hawaye yana gangarowa ta gefe zuwa cikin kunnensa, yatsunsa kuma sun kama bakin rigar asibitin da aka sa mata. Sista Radiyya ta yi salati ta fita da sauri neman likita. Likitan ya zo ya duba allon ya duba mutumin, ya ce shi dai ba shi da abin cewa.

Daga ranar numfashinsa ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Bayan kwana uku suka cire masa robar. Muryarsa ta dushe, sai an kai kunne ake ji, kuma abin da ya fara faɗa, uwarsa tana tsaye a gefe ta riga ta koma kau da kai, shi ne, “Na'am, Inna.”

Aka fito da shi daga ɗakin zuwa cikin sauran majinyata. Ya sha kunu da hannunsa, aka kawo masa Adila ya shafa kanta, ya tambayi Usman labarin gona aka ɓoye masa, ya ce ai ya sani. Huseina ta fara shirin komawa gida. Inna Zinariya ba ta koma ruga ba, ba ta kuma sake kiran sunan ba. Tana zaune a ƙasa ta wajen ƙafarsa, bayanta a jingine da gadon, tana jan carbi. Kwana shida aka yi a haka. A na bakwai zazzaɓin ya dawo da ƙarfi, likita ya ce huhun ya riga ya gaji, kafin a gama shirin mayar da shi kan inji, da hantsin ranar Alhamis, ya yi kalmar shahada da bakinsa a gaban matarsa da uwarsa da ƙaninsa, ya cika. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

A zaman makoki tsohuwar ta zauna can ƙuryar ɗaki, idonta a bushe. Duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce Allah ya ba matarsa haƙuri, kamar ba ita ta haife shi ba, har wasu mata suka fita suna cewa ba su taɓa ganin taurin zuciya irin wannan ba. Huseina ta ji su. Ta tashi ta dama fura da hannunta ta kai mata, ta zauna kusa da ita har ta shanye.

Sai da ta fita takaba sannan ta sake zuwa zauren Shehu, ina nan a ranar ma. Ta tsuguna daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ya yi mata ta'aziyya, sannan ta ce, “Allah gafarta Malam, da ya buɗe ido, na ɗauka an bar mini shi.”

Shehu, Allah ya tsarkake sirrinsa, ya dube ta, na ga gemunsa ya jiƙe da hawaye, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da aka binne ɗansa. Ya ce, “Ni ma haka na so, 'yata. Na roƙa miki shi duka. Abin da aka nuna mini shi na gaya miki, sauran ba a nuna mini ba.” Ya tambaye ta tsohuwar, ta ce tana ruga, jiki ya yi rauni. Ya ce, “Ki riƙa kai mata yarinyar.” Ta ce to, ta share fuskarta da gefen hijabi, ta tashi.

Wannan shi ne abin da na gani na kuma ji, in na yi kuskure a lissafin kwanaki, tsufa ne, amma maganganun Shehu suna nan a zuciyata yadda suka fito daga bakinsa mai albarka. Tsarki ya tabbata ga wanda yake sanar da bayinsa na gari abin da ya so daga ɓoyayyun al'amura, ya kuma ɓoye musu abin da ya so, don su san su bayi ne. Ya Allah, ka ji ƙan Fatihu, ka sanyaya zuciyar uwarsa da matarsa, ka raya abin da ya bari. Ka ɗaukaka darajar Shehinmu cikin salihai, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa albarkarsa ta lulluɓe mu da iyalanmu da duk wanda ke zaune yau a ƙofar wani ɗakin asibiti yana jira. Ni kuma, wannan bawa mai rauni da hankalinsa ya fara raguwa, ka bar mini kalmar shahada a harshena ko da komai ya tafi. Amin, ya Mai jin ƙan masu jin ƙai.